Aikin Gayya Bayan Guguwar Katrina

Ranar Litinin, 29 ga watan Agusta na 2005, wata mahaukaciyar guguwar teku da aka laƙaba wa suna Katrina ta auka wa gaɓar jihar Louisiana ta Amurka, tana gudun kusan kilomita 200 a sa'a guda. Irin wannan guguwa ba ta tasowa sai a kan teku mai ɗumi, wanda zafin ruwansa ya kai kamar digiri 26 zuwa 27 a ma'aunin Salshiyas, domin tururin da ke tashi daga ruwan shi ne abincinta. Da yawa daga cikin guguwoyin Tekun Atlantika ma asalinsu hadarin damina ne da ke ratsa Afirka ta Yamma daga gabas ya nufi yamma.

Sai dai ba iska ce ta fi yi wa birnin New Orleans ɓarna ba, ruwa ne. Kusan rabin birnin yana ƙasa da doron teku, ganuwoyi ne ke tare masa ruwan Kogin Mississippi da na Tafkin Pontchartrain. Da guguwar ta tunkuɗo teku, sai ganuwoyin magudanan ruwa suka fashe a wurare da dama, ruwa ya mamaye kashi 80 cikin 100 na birnin. An kwashe kimanin mako shida kafin a zuƙe shi. Mutanen da suka rasu a sanadiyyar Katrina sun haura 1,300.

Masu iya magana sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A watan Maris na 2006, lokacin hutun jami'o'i, dubban ɗalibai suka cika motoci ayari-ayari, tare da malamansu da ƙungiyoyin addini, suka nufi birnin don aikin sa kai. Wasu a tantuna suke kwana, wasu a azuzuwan makarantun da aka mayar masauki. Akasarinsu sun zo ne da niyyar gini, amma aikin da suka fara tararwa shi ne na rushewa.

Dalili kuwa shi ne fumfuna. Gidajen can da katako ake ƙera su, a lulluɓe bangon ciki da allunan jifsam masu rufin takarda. Allon na tsotse ruwa ya hau da shi sama, kamar yadda lagwani ke jan kananzir, ita kuma takardar ta zama abincin fumfuna. Cikin kwana ɗaya zuwa biyu fumfuna kan fara tsiro a kan abu mai danshi, balle gidan da ya yi wata da watanni a kulle cikin zafi. Ƙwayoyin irinta na yawo cikin iska, ido ba ya ganinsu, suna tayar da tari da asma. Saboda haka kowane ma'aikaci sai ya sa takunkumin tace iska, da safar hannu, da takalmi mai kaurin tafi saboda ƙusa.

Da farko akan fitar da kujeru da katifu da darduma a baro, a tara su a bakin titi. Firiji kuwa ba a kuskura a buɗe shi: ɗaure shi ake yi tam a fitar, don naman ciki ya daɗe da ruɓewa. Sa'an nan a sa guduma a ɓamɓare allunan bango duka, har gida ya koma ƙwarangwal na katako, a kankare, a bar shi ya bushe sarai. Wanda ya yi gaggawar rufe bango a kan jiƙaƙƙen katako, ya gina wa fumfuna ɗaki ne kawai. Abin da ya fi taɓa zuciya shi ne hotuna da takardun iyali, waɗanda akan ware gefe guda ko mai gida zai sami abin tsira a ciki. A jikin ƙofofi kuma ga alamar X da masu ceto suka fesa, lambar da ke ƙasanta ita ce adadin waɗanda aka samu a gidan, a raye ko a mace.

Da aka zo sabon gini, sai ilmin kimiyya ya shigo. Iskar da ke wucewa ta saman rufi da gudu ɗaga shi take yi, kamar fiffiken jirgin sama, kuma in gudunta ya ninka biyu, ƙarfinta ninkawa huɗu yake yi. Don haka akan ɗaure katakan rufi da bango da maɗauran ƙarfe, bango kuma a ɗaure shi da harsashi, sa'an nan a ɗaga gidan bisa ginshiƙai don ruwa ya bi ta ƙasa. Haka ƙungiyar Habitat for Humanity ta gina gidaje 72 a Ƙauyen Makaɗa, wanda mawaƙan nan Harry Connick Jr. da Branford Marsalis suka assasa, masu gidajen su ma suna zuba guminsu tare da baƙin.

Kyakkyawar niyya dai ba ta hana kuskure. Wasu allunan bango da aka shigo da su daga ƙasar Sin sun riƙa fitar da iskar farar wuta, wadda ke cin wayoyin tagulla har su yi baƙi, dole aka sake ɓamɓare gidajen da aka riga aka gama. Gidauniyar Make It Right ta ɗan fim Brad Pitt ta gina gidaje 109 a unguwar Lower Ninth Ward, amma yoyo da ruɓewar katako suka addabi da yawansu, har mazauna suka kai ƙara kotu a 2018. Ita wannan unguwa tana da mutum kusan 14,000 a ƙidayar 2000. A ƙidayar 2010 ba su cika 3,000 ba.