Hayaƙin Sigari da Yanar Ido

In ka tambayi mashayin taba abin da yake tsoro daga sigari, zai ce maka tari, ko ciwon huhu, ko ciwon daji. Da wuya ka ji ya ambaci ido. Shi kuma dattijon da idonsa ya yi yana, har jika ke ja masa sanda zuwa masallaci, babu mai tambayarsa kara nawa yake zuƙa a rana zamanin yana tashe. Sai dai a ce, "Tsufa ne, Baba, Allah ya sawwaƙe." Tsufan gaskiya ne, duk wanda ya yi tsawon rai madubin idonsa zai dushe. Amma wani a shekara tamanin yake ganin haka, wani tun bai cika sittin ba, kuma sigari na cikin abubuwan da ke raba tsakaninsu.

A bayan baƙin ido akwai wani ɗan madubi garau wanda ke tattara haske ya aika da shi bangon bayan ido. Halittarsa ta bambanta da ta sauran sassan jiki. Babu jijiyar jini a cikinsa, domin da akwai, da ta tare haske. Ba ya kuma zubar da tsohon jikinsa ya yi sabo kamar yadda fata ke yi. Sabbin zaruruwa na ta hawa kan tsofaffi ne kawai, har ya zama abin da ke tsakiyar madubin ɗan shekara saba'in shi ne wanda aka gina masa tun yana cikin mahaifiyarsa. Duk ɓarnar da ta same shi, tana nan zaune. Sinadarin furotin da aka yi shi da shi yana da wani tsari da ke barin haske ya wuce. In tsarin ya lalace sai ya dunƙule ya yi fari, kamar ruwan ƙwai da ya ji wuta, kuma ba a taɓa mayar da dafaffen ƙwai ɗanye.

Abin da ke kare madubin daga wannan lalacewa shi ne ruwan da yake ciki, wanda ke ɗauke da bitamin C mai yawa, ninki da dama na wanda ke cikin jini. Hayaƙin sigari kuwa yana da sinadarai fiye da 7,000. Wasu daga ciki suna cinye wannan garkuwa, shi ya sa bitamin C ke yin ƙasa a jinin mashaya taba. Wasu kuma, irin su ƙarfen kadmiyam da ganyen taba ke tsotsowa daga ƙasa, suna bin jini su taru a madubin kansa. Ke nan hayaƙin da ya fi yin ɓarna shi ne wanda ya shiga huhu ya bi jini, ba wanda ya sa ido hawaye a ɗaki ba.

Likitoci sun daɗe da bin diddigin wannan. A 1992 aka buga sakamakon wani bincike a Amurka wanda aka yi a kan likitoci maza da kansu, aka ga masu shan kara 20 ko fiye a rana sun ninka marasa sha wajen kamuwa da yanar ido. A 2004 rahoton babban likitan gwamnatin Amurka ya yanke hukunci cewa shan taba yana haddasa yanar da ke farawa daga tsakiyar madubi. Binciken da ya fi jan hankalina shi ne na ƙasar Suwidin, da aka buga a 2014, wanda ya bi maza fiye da 44,000. Masu shan fiye da kara 15 a rana sun fi waɗanda ba su taɓa sha ba da kashi 42 cikin ɗari wajen kaiwa ga aikin ido. Waɗanda suka daina, haɗarinsu ya yi ta raguwa, amma ko bayan shekara 20 da dainawa akwai ragowar kashi 21.

Wannan lissafi yana da fuska biyu, kuma bai kamata a ɓoye wa mashayi ko ɗaya ba. Mai cewa "ai na riga na makara" bai yi daidai ba, tunda rabin ƙarin haɗarin yana gushewa. Mai cewa "zan daina in na girma" shi ma ya yaudari kansa, domin madubin yana ajiye duk abin da aka yi masa a ƙuruciya.

Wani zai ce ai yanar ido ba kashe mutum take yi ba, kuma ana aikinta. Haka ne. Aiki ne da bai cika wuce rabin awa ba: a cire madubin da ya dushe, a sa na roba, washegari a buɗe ido mutum ya ga 'ya'yansa. Ana yin sa a Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna, da asibitin ido na ECWA a Kano, da wasu wurare. Sai dai mutumin Suwidin da yana ta kama yana da asibiti a kusa da wanda zai biya masa. Mu fa? Binciken makanta na ƙasa da aka yi a Najeriya daga 2005 zuwa 2007 ya nuna mutum huɗu cikin ɗari na 'yan shekara 40 zuwa sama makafi ne, abin ya fi tsanani a arewa, kuma yanar ido ce ta jawo kashi 43 cikin ɗari na makantar. Wani abin takaicin shi ne kusan rabin idanun da aka taɓa saboda yana, masu aikin gargajiya ne suka taɓa su, masu sa tsinke su tura madubin ya faɗa cikin ido. Mutum yakan ga haske a ranar, ya yi murna, ya biya. Bayan nan sai kumburi ko hawan jinin ido ya biyo baya, da yawa kuma su rasa idon gaba ɗaya.

Irin yanar da taba ke kawowa tana da wayo wajen shigowa. Ba ta ciwo, ba ta ja, kuma farin ba ya fitowa fili sai ta yi nisa. Nesa ce ke fara dushewa, launuka su koma ruwan ƙasa-ƙasa, fitilar motar da ke tahowa da dare ta tarwatse ta rufe hanya. Direban doguwar tafiya da ke kunna kara bayan kara don korar barci, idon da yake ci da shi yake kashewa. Wani lokaci ma dattijo yakan wayi gari yana karanta Alƙur'ani ba tabarau, ya ɗauka idonsa ne ya dawo, alhali madubin ne ya fara tauri. Wanda ya ga haka, asibitin ido ya kamata ya nufa, ya kuma bar maganin ɗigawa na kasuwa, domin babu ɗigon da ke narkar da yana.

Ba sigari kaɗai ke da laifi ba. Ciwon suga, da zafin rana, da yawan amfani da magungunan sitiroyid duk suna gaggauta yana. Bincike a Indiya da Nefal ya kuma danganta ta da hayaƙin itacen girki, abin da ya shafi iyayenmu mata da ba su taɓa riƙe karan sigari ba. Manomi dai ba zai bar rana ba, mai girki ba za ta bar murhu yau ba, taba ce ake saye da kuɗi.

Tun 2006 Ostareliya ta sa gargaɗin makanta a jikin kwalin sigari, da hoton ido. Dokar taba ta Najeriya ta 2015 ita ma ta wajabta gargaɗi a kwali, ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, ta kuma hana sayar da sigari kara-kara. Amma a teburin mai shayi da tiredar bakin tasha har gobe kara ɗaya ake miƙa wa yaro, kwalin da gargaɗin ke jikinsa kuwa yana hannun mai tireda.