Kwandon Handa: Yadda Ake Gina Darasi a kan Littafi Mai Hotuna

A shekarar 1994 kamfanin Walker Books na Landan ya buga wani ɗan littafin yara mai suna Handa's Surprise, wanda Eileen Browne ta rubuta, ta kuma zana hotunansa da kanta. Labarin bai taka kara ya karya ba. Handa, yarinya 'yar ƙabilar Luo a Kenya, ta zuba 'ya'yan itace bakwai a kwando, ta ɗora a ka, ta kama hanyar ƙauyen ƙawarta Akeyo. Tana tafe tana tunanin wanne ƙawar za ta fi so, dabbobi kuwa suna ta ɗebewa: biri ya ɗauke ayaba, jimina gwaba, jakin dawa lemu, giwa mangwaro, raƙumin dawa abarba, da sauransu, har kwando ya zama wayam. Can sai wata akuya da ta tsinke igiya ta tunkuyi bishiya, lemun tanjarin ya zubo ya cika kwandon.

Malaman ƙananan azuzuwa a Ingila sun daɗe suna kwashe mako guda ko fiye a kan wannan littafi. Dalilin yana cikin yadda aka ƙera shi. A kan hanya, rubutun tunanin Handa kawai yake faɗa, satar kuwa a hoto take. Handa ba ta san abin da ke faruwa a bisa kanta ba, amma yaron da ke kallo ya sani, ko da bai iya haɗa baƙi da wasali ba. Malama tana karantawa, aji ya kaure da ihu, kowa yana nuna hancin giwa. Wannan ihun shi ne jarin darasin.

Saboda haka karatun farko ba ya son gaggawa. Malama takan nuna bango, ta tambayi yara ina yarinyar za ta, me ke cikin kwandon. Idan aka kai shafin biri sai ta dakata: wa kuka gani? Handa ta sani? Yaro ya ce, “Biri!” Sai ta ce, “Haka ne, biri ya leƙo daga kan reshe ya ɗauke ayaba. Maimaita mu ji.” Ta karɓi kalmarsa ɗaya, ta mayar masa da jimla. Wannan salon tambaya da faɗaɗa amsa Grover Whitehurst da abokan aikinsa suka gwada a Amurka, suka buga sakamakon a 1988, inda suka nuna yana ƙara wa ƙananan yara yawan kalmomin da suke furtawa. Don kowa ya gani, akan yi amfani da babban bugu mai manyan haruffa, dabarar da Don Holdaway na New Zealand ya yaɗa. Malama tana bin kalmomi da tsinke, yara suna lura cewa rubutun boko daga hagu yake tafiya zuwa dama.

Kashegari kwando na gaske ke shigowa aji. Yarinya ɗaya ta ɗora shi a ka, yara bakwai su zama dabbobi. Duk wanda ya ɗauki nasa, sai a ƙirga saura: bakwai, shida, biyar, har babu. An yi lissafin ɗebewa ke nan ba a taɓa alli ba. Sannan a watsa katunan hotuna a ƙasa, a ce su jera su yadda labarin ya gudana. Wanda ya sa akuya kafin biri bai kama zaren ba, malama kuma ta gane haka ba tare da jarrabawa ba. Akan yanka 'ya'yan itacen a ɗanɗana, a nemo kalmomi: zaƙi, tsami, laushi, ƙaiƙayi. Rubutu ne ke zuwa ƙarshe, bayan baki ya saba da labarin.

A ganina aikin da ya fi rauni shi ne takardar da ake raba wa yara su shafa wa abarba launi. Tana sa aji ya yi tsit, amma ba ta tambayi yaro komai ba. Akwai kuma wani tuntuɓe: wasu malaman Ingila sukan mai da littafin darasi a kan “Afirka” ɗungurungum, yaro ya tashi da zaton duk nahiyar ƙauye ne da raƙuman dawa, alhali Nairobi ma a Kenya take.

Malamin da ke koyar da Hausa ba sai ya jira wannan littafi ba. Shirin African Storybook na cibiyar Saide da ke Afirka ta Kudu yana da littattafai masu hotuna da Hausa, kyauta a intanet. Abin dubawa kafin a zaɓa shi ne ko hoton yana faɗin wani abu da rubutun ya yi shiru a kansa, da kuma ko akwai abin da ke maimaituwa har yara su yi hasashen shafi na gaba. In aji ya cika maƙil, littafi kuma ɗaya ne, sai a kwafi hotunan a bayan kwali da girma, a zagaya da su layi-layi kafin a juya shafi.