Mai Neman Ma'adinai: Daga Maƙerin Gaya Zuwa Ramukan Riruwai

Tarihin baka ya ce wani maƙeri ne ya taso daga Gaya yana neman tama, ya same ta a gindin Dutsen Dala, ya yada zango. Zuriyarsa ake kira Abagayawa. Masu tonon kayan tarihi ma sun gano burbushin wurin narka ƙarfe a Dala da ya kai ƙarni na 7. Ashe neman arzikin ƙarƙashin ƙasa ya girmi ganuwar Kano, kuma mutanen ƙasar Gaya ba baƙinsa ba ne.

Har gobe jarin mai wannan sana'a idonsa ne. Bayan ruwa ya ɗauke sai ya bi rafi da kwano, ya ɗebi yashi yana jujjuyawa a ruwa har marar nauyi ya tafi. Baƙin garin da ya kwanta a gindin kwano shi ne labari: kuza ce ko kwalambait. In ya ga alama sai ya yi ta bin rafin sama, har ya kai ga jijiyar da ruwa ya ɓantaro. Daga nan aiki ya koma na diga, shebur, igiya da guga. Akwai mai rami, akwai mai ciyar da 'yan haƙo har a dace, ga dillali da sikelinsa, wanda shi kam ba ya kwana da asara.

To amma ido iyakarsa fatar ƙasa. A Riruwai ta Doguwa duwatsu a tsaye suke, suna nuna kansu. A Balan da Ajingi kuwa rairayi ya lulluɓe dutse, gero da gyaɗa a bisa, sai mutum ya haƙa gaba goma bai san abin da yake nufa ba. Haƙa a irin wannan wuri babu awo caca ce.

Nan ilimi yake shigowa. Tun 1919 aka kafa hukumar binciken ƙasa ta Nijeriya, kuma tsakanin 2003 da 2010 jirage sun ratsa ƙasar nan suna auna maganaɗisun duwatsu, aka zana taswirar da ke nuna tsagogin da ma'adinai kan taru. Mai awo yakan kafa ƙarafa a ƙasa ya tura lantarki, kamar yadda ake yi kafin a haƙa burtsatse, ya gane zurfin dutse. Sannan a huda, a zaro samfuri, a kai ɗakin gwajin hukumar da ke Kaduna. Gwajin ba riba kaɗai yake karewa ba. A 2010 gubar dalma da ke cikin dutsen zinare ta kashe yara sama da 400 a Zamfara, don ana daka shi a tsakar gida babu wanda ya san abin da ke ciki.

Abin takaici, taswirar tana ofis da Turanci, mai diga yana daji. Jami'ar Wudil tana da sashen nazarin duwatsu, ga ta a maƙwabtan Gaya. Malamanta da ɗalibanta su fito su zauna da 'yan haƙo, su karanta musu taswirar nan da Hausa, su gwada musu samfuri a kuɗin da talaka zai iya biya.