Ciwon Marar Da Kan Hana Haihuwa



A ajin da nake koyarwa akwai wata yarinya wadda kowane wata sai ta yi kwana uku ba ta zo makaranta ba, tana kwance tana murƙususu don ciwon mara. A gida akan ce mata, "Yi haƙuri, in kin yi aure zai daina." To, ba kowanne ne yakan daina ba. Akwai irin wanda kan bi mace har ɗakin miji ya hana ta haihuwa. Likitoci suna kiransa endometiriyosis.

Ga yadda abin yake. Cikin mahaifa akwai wata shimfiɗa wadda kan zube kowane wata, ita ce jinin haila. Wani lokaci tsoka mai kama da wannan shimfiɗa takan tsiro a wajen mahaifa, a kan ma'ajiyar ƙwai ko hanyoyinsa. Ita ma takan kumbura ta yi jini lokacin haila, amma jinin ba shi da mafita. Daga nan sai kumburi da tabo, kayan ciki su manne da juna, hanya ta toshe, ƙwai ya kasa saduwa da maniyyi.

Tun 1927 wani likitan Amurka, John Sampson, ya bayyana cewa jinin haila kan koma da baya ta hanyoyin ƙwai ya zuba cikin mara. Gado ma yana da hannu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce wajen mace 1 cikin 10 masu shekarun haihuwa tana da cutar. Ashe ba aljani ba ne, ba kuwa sammun kishiya ba.

Alamunta su ne ciwon haila mai hana aiki, zafi wajen kwanciya da maigida, da zafin bayan gida ko fitsari lokacin haila. Wadda ta ga haka ta tafi asibiti. Wadda kuma ta shekara da miji ba ciki, su tafi tare, gama shi ma ya kamata a auna shi.

Likita zai ɗauki hoton ciki, ko ya leƙa da ɗan madubi ta ƙaramar kafa kusa da cibiya. Akwai ƙwayoyi masu kwantar da ciwon, amma masu tsai da haila suna hana ciki muddin ana shan su, saboda haka ki gaya wa likita haihuwa kike nema. Akan yi fiɗa a cire tsokar a raba abin da ya manne. In hakan bai yi ba, akan haɗa ƙwai da maniyyi a waje a mayar cikin mahaifa. Tun 1978 aka haifi jaririya ta farko ta wannan hanya a Ingila.

Iyaye, in 'yarku ta yi kukan mara, kada ku ce raki ne. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. Allah Ya ba mu lafiya da zuriya ɗayyiba, amin.