Kafin ka dasa mangwaro a sabon gida, duba ƙasar

Duk wanda ya gama gini a Talata Mafara burinsa ya samu inuwa a tsakar gida. Sai ya sayo dashen mangwaro ko gwaiba, ya ɗan tona rami ya dasa, ya sa yara ban ruwa safe da yamma. Kafin wata uku ganye ya yi rawaya ya kaɗe. A ce mai dashe ya yi cuta, ko a ɗora wa gara laifi, alhali sau tari ƙasar ce ba ta karɓa ba.

Filin da aka yi gini a kai ya sha wuya. An kwaɓa siminti, tifa ta tattake shi, an binne ɓaraguzan bulo, ya koma fako. Don haka ka haƙa rami zurfin kamu guda, ka cika shi da ruwa da yamma. In ka tarar da ruwan kwance da safe, laka ce ko ƙasa ta danƙare, saiwa ruɓewa za ta yi. In kuwa ya tsotse kafin ka gama alwala, jigawa ce, ba ta riƙe ruwa balle taki. Dukansu biyu maganinsu ruɓaɓɓen takin gargajiya da aka cuɗa da ƙasar ramin. Ban da ɗanyen kashin shanu, ƙona saiwa yake yi, ya kuma gayyato gara.

Masu fili a bakin fadama suna da tasu damuwar. Tun da aka kammala madatsar Bakolori a kan Kogin Sakkwato a 1978, manoman rani na Mafara, Bakura da Maradun sun ga abin da ke faruwa inda magudana ta toshe: ruwa ya kwanta, rana ta shanye shi, ya bar fari-fari kamar an barbaɗa kanwa. Gishiri ne. Wanda ya ga haka ya ƙara takin zamani, ya ƙara wa Barno dawaki. A fara buɗe wa ruwa hanyar fita, a ɗaga kunya, sannan a yi maganar shuka.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ƙasar cike da ake saye tifa-tifa, ba a tambayar inda aka ɗebo ta. Mu a Zamfara bai kamata mu manta da 2010 ba, lokacin da gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da 'Yargalma, saboda niƙan duwatsun zinariya a cikin gidaje. Sai da aka kankare saman ƙasar tsakar gidaje aka zubo wata. Dalma ba ta wari, ba a ganinta da ido, kuma ba ta ruɓewa. Yaro mai rarrafe ya dafa ƙasa ya kai hannu baki, shi ke nan ta shiga jini.

Ka tambayi direban tifa ramin da ya ɗebo ƙasar, in da hali ka je ka gani. In kusa da wurin haƙa ko wankin zinariya ne, ko kyauta aka ba ka kar ka karɓa. Makaranta ko masallacin da zai cike babban fili kuwa, a ɗebi ƙasar daga kusurwa huɗu da tsakiya, a nemi malamin gona ya aika da ita ɗakin gwaji, a kuma faɗa wa masu gwajin a fili cewa har da dalma ake so a auna.