Fenti Ya Kumbura? Hau Saman Ɗaki Kafin Ka Zagi Mai Fenti

Da zarar ruwan Agusta ya zauna a Ƙaura Namoda, ƙorafin masu gidajen dekin iri ɗaya ne: fentin da aka shafa bara ya kumbura, ya yi ƙuraje a kusurwar ɗaki, in ka danna da yatsa ya fashe, ruwa ko farin gari ya zubo. Mai fenti ake fara ɗora wa laifi, wai ya tsinka fentin da ruwa. Wani lokaci haka ne. Amma a yawancin gidajen da na shiga, daga Ƙaura zuwa Shinkafi da Zurmi, hannunsa fes yake. Rufin ne ke yoyo.

Fenti, musamman mai ƙyalli, ba ya barin ruwa ya ratsa shi. Ruwan da ya shiga kankare ta sama yana gangarowa cikin filasta, ya iske an rufe masa hanya. Rana ta buga bangon, danshin ya zama tururi, ya turo fentin waje. Farin garin nan da ke biyo baya gishiri ne da ruwan ya narkar daga siminti da yashi. Shi ya sa wanda ya kankare ya sake shafa fenti don Sallah kuɗinsa kawai ya zubar, kafin damina ta fita kumburin ya dawo.

Abin da za a fara ganewa shi ne daga ina ruwan yake. Laimar ƙasa, irin wadda ke damun gidajen da ke kusa da fadamar gulbin Gagare, daga tushe take hawa, kuma da wuya ta wuce mita 1. Yoyon rufi kuwa daga sama yake farawa, ya bar tabo ruwan ƙasa mai zobe-zobe, wanda ke ƙara duhu kwana ɗaya ko biyu bayan ruwa. In kuma wurin yana jiƙe har a tsakiyar rani, to bi bututun tankin da ke saman ɗakin. In kana shakka, manna leda a wurin ka liƙe gefunanta kwana 2. Raɓa ta taru a cikinta, ruwan daga bango yake fitowa.

Sai ka sa tsani, washegarin ruwan sama, tun rana ba ta busar da shaida ba. Mutane ba su san yawan ruwan da rufi ke ɗauka ba. Ɗaki mai mita 4 tsawo da 4 faɗi, in aka yi ruwan milimita 50, lita 800 ce ta sauka a kansa, wato duro huɗu. In indararo ya toshe da ganyen dogon yaro da leda da ƙurar hunturu, duk ruwan nan a kan ɗakinka zai kwana. Duba inda ya kwanta, za ka ga gansakuka ko baƙin zobe. Duba mahaɗar rawani da dekin, nan filasta ke fara rabuwa. Duba ƙananan tsagu, don zafin Maris da Afrilu da ke haura digiri 40 yana buɗa kankare da rana, dare ya yi ya tsuke. Kada ka manta da rodin da aka bari tsirara wai sai an samu kuɗi a ɗora bene. Ruwa na bin jikinsa har cikin ginshiƙi. Kuma ka sani ruwa na tafiya a kwance cikin kankare, tabon na iya fitowa nesa da tsagar.

Wani birkila a Shinkafi da na ga an kira shi wannan aiki, bai ko kalli bangon ba. Cewa ya yi, "Alhaji, yaushe rabonka da hawa sama?" Maigidan ya ce tun ranar da aka zuba dekin.

Nan matsalar take a ganina. Masu soron ƙasa da azara sun san ba a kai damina ba a hau an yi yaɓe ba, a gyara indararo, mai hali ya shafe rufin da laso ko makuba. Jirgin ƙasa ya iso Ƙaura a 1929, kwano da siminti suka yi ta samun shiga sannu a hankali, mu kuma muka ɗauka dekin ba ya neman kulawa. Yana nema. Ruwa in ya kai ga rodi sai ya yi tsatsa, tsatsa ta kumbura ta fasa kankaren daga ciki. Ka ga filasta na faɗowa, rodi ya bayyana ja, ka kwashe yara daga ɗakin ka nemo injiniya. Tabon in ya kusanci fanka ko ƙwan lantarki, kashe wutar ɗakin tukuna.

Gyaran gaske na rani ne. A buɗe tsagun a cike su, a zuba sabon siminti mai gangare, kamar santimita 2 a kowace mita zuwa bakin indararo, a yi ta ba shi ruwa mako guda, sannan a shimfiɗa kwalta a naɗe ta har jikin rawani. A toshe indararo a tara ruwa kaɗan kwana 2 a ga ko zai ɗiga. A kankare bangon ciki a bar shi makonni ya sha iska. Bayan haka ne za ka kira mai fenti.