Yini Guda A Fadamar Lekki

Duk wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Ikko zuwa Epe, abin da zai yi ta gani dama da hagu shi ne gidajen bene da katangu da manyan motoci na jibge yashi. Amma a tsakiyar wannan hayaniya akwai wata fadama da aka killace, aka hana kowa ya sare ta ko ya cike ta. Ita ce gandun daji na Lekki, wanda ƙungiyar kare halittu ta Nijeriya, watau NCF, ta kafa a 1990 da taimakon kamfanin mai na Chevron. Faɗinsa hekta 78 ne, watau eka wajen 190.

Ran wata Lahadi wani ɗan kasuwa mai sayar da albasa a kasuwar Mile 12 ya ɗebi maiɗakinsa da 'ya'yansu huɗu suka tafi can. Shi a bakin fadama ya tashi a ƙasar Sakkwato, amma yaran duk a Agege aka haife su, ruwan da suka sani kuwa shi ne na famfo da na kwata.

Da shigarsu sai suka hau wata doguwar gadar katako wadda ta ratsa cikin dajin. Ƙarƙashinta ruwa ne baƙi wuluk, kwance shiru, ganyaye sun rufe shi. Itatuwan tukurwa sun haɗe sama har rana ba ta sauka sai tsilli-tsilli. Maigidan ya tsaya yana nuna wa yara tukurwa, yana gaya musu da irinta a ke yin gado da tsani a gida. Su kuwa hankalinsu na kan birai, waɗanda suka saba da mutane har ba su jin tsoron kowa. Kafin a ankara ɗaya ya diro ya fizge ƙullin gyaɗa daga hannun autar, ya haye reshe yana ci yana kallonsu. Yarinya ta fashe da kuka, 'yan'uwanta suna ta dariya.

Sa'an nan suka iso gadar sama, wadda aka buɗe a 2015. Tsawonta mita 401 ne, an rataye ta da igiyoyin ƙarfe, inda ta fi tsayi kuwa ta haura ƙafa 70 daga ƙasa. Uwargida ta ɗaga kai ta dube ta tana lilo, ta ce, "Alhaji, ni kam a nan zan jira ku." Maigida da babban ɗansa suka hau.

To, daga can bisa ne mutum ke gane ƙanƙantar wurin. Dajin da a ƙasa ya yi kama da ba shi da iyaka, sai ga shi rufin kwano da benaye sun kewaye shi. Inda gidajen nan su ke, galibi a da fadama ce irin wannan. Aikin fadama kuwa shi ne ta shanye ruwan sama ta riƙe shi, ta riƙa sakinsa a hankali. In aka cike ta da yashi aka shafe da siminti, ruwa ba ya fasa zuwa, sai dai ya nemi ɗakin mutane. Mazauna Lekki da tsibirin Victoria ba su manta da ambaliyar watan Yuli na 2017 ba, sa'ad da ruwa ya shanye tituna ya shiga gidajen masu hali.

Bayan sun sauko sai suka nufi filin wasa. Akwai rumfuna na hutawa, da tafkunan kifi, da dara irin ta Turawa da aka zana a ƙasa, 'ya'yanta manya-manya har yaro sai ya rungumi ɗaya kafin ya ɗaga. Uwargida ta shimfiɗa tabarma ta buɗe kwanon dafa-duka, idonta na kan birai. Yara suka yi ta bin ɗawisu, suka kuma daɗe tsugune gaban wani tsohon kunkuru.

Da la'asar sakaliya suka kama hanya. A cikin mota, cunkoso ya tsai da su, sai babban yaron ya ce, "Baba, fadamar garinmu ma haka ta ke?" Uban ya ce ta fi wannan faɗi nesa, in Allah ya kai su hutun makaranta zai kai su su gani.